Rundunarmu ta wasan waya na Clash of Clans: mu rufe ta, mu haɗe da wata, ko mu tashe ta?

Sarkin Yaƙi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kowa ya karanta wannan kafin ya fara turo sitika. Yaƙin da aka tashi jiya mu 15 muka shiga, ke nan hari 30 ne a hannunmu. Guda 11 kacal aka kai. Waɗanda muka kara da su ba wasu gwanaye ba ne, garuruwansu a wangale suke, amma suka cinye mu don sun fito gaba ɗayansu mu kuwa muna barci. A jerin sunaye mu 41 ne, waɗanda suka leƙo a makon nan ba su cika 15 ba. Wasannin runduna na watan jiya ko rabin maki 50,000 ɗin ba mu haɗa ba. Gasar wata-wata kuma an sake sauko da mu, daga Masta mun dawo Kiristal. To me za mu yi? Mu rufe, mu shiga wata, ko mu gyara tamu? Ina roƙon shugaba ma ya ce wani abu.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ni ai na daɗe ina faɗa. Wannan 41 ɗin na ado ne. A share duk wanda ya yi mako biyu bai leƙo ba, a ga nawa za su rage. In ba mu da yawa mu tattara mu shiga runduna mai rai. Na taɓa yi wa wasu 'yan Indonesiya gasar wata ɗaya, wallahi kafin ka sha shayi an kai rabin hare-hare. Babu lallashi, babu "don Allah a taimaka a kai hari". Na gaji da kawo taurari shida suna tafiya a banza.

Auta: Yaya Injiniya a yi mini afuwa, zan sa baki ko da yake ni ne ƙarami. Ran Talata na nemi sojan tsaro tun safe, har la'asar ba wanda ya ba ni, sai da na saya da lambobin da nake samu a farmakin ƙarshen mako. Abokina da na kawo daga makarantarmu kuwa, harinsa na farko ya samu tauraro ɗaya, aka rubuta masa "wa ya kawo mana wannan?" Da daddare ya fita. Yanzu yana wata rundunar 'yan Legas, yana TH11 (wato babban ginin garinsa, Town Hall, yana mataki na 11), kuma bai taɓa fashin hari ba.

Injiniya: Ni na rubuta, ban ɓoye ba. Mutum ya juye dodanninsa duka a gaban bindigogin sama, ko tsawa ɗaya bai jefa musu ba. So kake in tafa masa?

Auta: A'a Yaya, so nake ka nuna masa inda zai jefa tsawar.

Maman Sultan: Salamu alaikum. Bari in tuna muku wani abu, don na ga kamar mun manta yadda aka yi muka cika tun farko. Yaushe rundunar nan ta kai mutum 50 har muna mayar da masu neman shiga? A 2020 ne, lokacin kullen korona, ga kuma yajin aikin ASUU da ya ɗauko tun Maris har Disamba. Sai na 2022 ya zo, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Rabinmu ɗalibai ne a zaune a gida, ba karatu ba sana'a, waya a hannu dare da rana. A wancan lokacin aka rubuta dokokin da muke bi har yau: yaƙi a jere ba hutu, ana tashi daga wannan a nemi wancan, wanda ya yi fashin hari sau ɗaya a kore shi, wanda jaruminsa ke wurin magini kada ya shiga.

To waɗancan ɗaliban ina suke yanzu? Wani yana bautar ƙasa, wani ya buɗe shago a Kwari, wani ya yi aure har da 'ya'ya biyu. Ni kaina da ɗa ɗaya na shigo, yanzu uku ne, ga aikin dare. Ba wasan ne ya gundure mu ba, dokar ce aka ɗinka wa marasa aikin yi, mu kuma yanzu muna da shi. Duk wanda ya san ba zai iya yaƙi kullum ba, kunya ta sa ya mayar da maɓallinsa na shiga yaƙi ja ya yi shiru. Daga shiru sai daina buɗewa.

Ɗan Maraɗi: Hajiya kin gama magana. Ni ga nawa. A 2023 bayan juyin mulki, da Najeriya ta yanke muna kuran, Maraɗi sai mu wuni mu kwana babu wuta. In ka samu caji kaɗan, kiran gida za ka yi ko yaƙi? Ga rezo shina zuwa shina tafiya. Hari biyu na rasa anka fidda ni, ba wanda ya tambaye ni lafiya. Da ba don Sarkin Yaƙi ya bi ni ta waya ba, da ban komo ba. Mu huɗu ne 'yan Nijar a da, ni kaɗai na saura, kuma sauran ukun suna nan suna wasansu wani wuri.

Na Gusau: Mu ma hakan ta faru da mu a Satumbar 2021 da anka rufe sabis a Zamfara. Sai da na je Funtuwa na buɗe waya na tarar ba ni cikin runduna. Zauren nan kawai na saura a ciki, ina karanta ku.

Injiniya: Ku tsaya. Kowa yana kawo uzurinsa kamar korar nan mugunta ce. Yaƙin runduna adashi ne. Ranar da ka sa sunanka ka ɗauki alkawarin zubi. In ba ka zuba ba, ba kai kaɗai ka yi asara ba, wanda ke jiran kwasa ka cuta. An ƙirga nauyin garinka wajen zaɓo mana abokan karawa, an kawo mana takwaranka, kai kuma ka ɓace. Wa zai ɗauki nasa? Maganar wuta da sabis na yarda. Amma mutum nawa ne cikin waɗanda suka yi fashi jiya aka yanke wa sabis? Ina ganinsu suna zuba hotuna a sitatus.

Maman Sultan: Gaskiyarka a nan. Amma duba, wa ya sa sunansu? Su suka ce a sa su, ko kuwa an ga maɓallinsu kore ne tun na watanni uku da suka wuce aka kwashe su don a cike 15?

Sarkin Yaƙi: Maɓalli nake bi, Hajiya. In na tsaya jiran kowa ya amsa ba za a yi yaƙin ba.

Maman Sultan: To ka gani.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Ni wani gefen zan taɓo. Ku tambayi kanku, ta ina kowannenmu ya shigo? Ni a zauren hira na duniya da ke cikin wasan na ga wani ya rubuta "akwai Bahaushe a nan?" na amsa, ya gayyace ni. Shugaba ne da kansa. Supercell, kamfanin da ya yi wasan, ta cire wannan zauren a Oktoban 2019, ta kawo tsarin neman mutane da alamomi a madadinsa. Tun daga ranar ƙofar da muka saba shigo da mutane ta rufe, kullen korona ne ya rufa mana asiri ba mu lura ba, don kowa yana jawo abokin zamansa. Da wannan ya wuce sai ya zama ana fita ba a shiga. Ku je ku duba bayanin rundunar yanzu. Da Turanci yake, an rubuta sai TH13 zuwa sama, an kuma sa sai da gayyata. Bahaushen da ke neman 'yan uwansa ta yaya zai gane mu? Ko kalmar Hausa ɗaya babu a wurin.

Mai Caji: Wallahi Ɗan Zango ka tuna mini. Yara nawa ke zama a shagona suna buga wasan nan, duk a rundunonin Indiyawa da Larabawa suke, ba sa jin abin da ake faɗa, sai dai su nemi soja da alama. Na taɓa cewa ɗaya ya nemi tamu, ya ce ai ba ta karɓar irinsu.

Oga Sabo: Jama'a ku bar wahalar da kanku. Wasan 2012 ne fa. Yara yanzu suna kan PUBG da Free Fire da Call of Duty, manya suna eFootball. Ku zo mu mayar da zauren nan na ƙwallo a huta. Af, masu son data mai sauƙi kuma su yi mini magana ta gefe.

Sarkin Yaƙi: Oga Sabo, tallar data ban da nan, mun sha faɗa. Maganar tsufan wasa kuma, in ya mutu su waye suke cinye mu kullum? Aljanu?

Auta: Kuma Oga, tunda aka ƙara kuɗin data da kashi 50 a farkon 2025, a ajinmu da yawa sun rage PUBG. Wannan in ba ranar sabuntawa ba ce ba ya shan komai, ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa.

Oga Sabo: To Allah ya ba da sa'a. Ina kallo.

Injiniya: Mu koma kan haɗewa. Har yanzu ba wanda ya ba ni dalili ɗaya da zai hana. Suna ne kawai za mu rasa.

Ɗan Zango: Ba suna kawai ba ne, Injiniya. Rundunar nan tana mataki na 17. Tun daga mataki na 10 duk sojan da aka ba ka yana ƙaruwa da daraja biyu, wannan za ka iya samu a wani wurin, na yarda. Amma babban birnin runduna fa? Tun da aka kawo shi a Mayun 2022 muke zuba zinariya a ciki, fadarsa tana mataki na 8. Ko ƙwandala ba ta bin mutum in ya fita, ta runduna ce. Sannan in mun je can baƙi ne mu. Su za su zaɓi wanda zai shiga gasa. Kai mai TH17 da gudu za su karɓe ka. Auta fa? Mai Caji fa? Haɗewar da kake faɗa ta mutum biyar ce, sauran watsewa ce.

Injiniya: To su daure su girma mana.

Ɗan Maraɗi: Kai ma da TH17 anka haife ka?

Baban Ilham: Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Na gode wa Sarkin Yaƙi da ya tayar da maganar. Abu ɗaya zan fara faɗa: rundunar nan ba za a rufe ta ba, ba kuma za a kai ta gidan wasu ba. Tun 2016 nake riƙe da ita, lokacin ko TH12 babu. Dokokin da ake kuka da su kuma ba ni kaɗai na yi su ba, a zauren nan aka amince, wasu masu magana yanzu har da su aka yi. Kuma da su muka yi nasara 19 a jere.

Sarkin Yaƙi: Ranka ya daɗe ba wanda ya musa wannan. Amma tunda ka fito bari in faɗa a gabanka, ya fi a faɗa a bayanka. Wasan da kansa in shugaba ya yi kwana 90 bai shiga ba yana sauke shi ya ɗora wani. Jama'a sun lura kana leƙowa ne jefi-jefi, ka kwashi zinariya ka fita. Ba ka yaƙi, ba ka magana, kuma ba wanda ke da ikon taɓa doka sai an jira ka. Mataimaka biyar ne, uku sun fi shekara ba su shigo ba. Ni kaɗai nake neman yaƙi, in cike sojan tsaro na mutum 15, in bi mutane ta waya. Ni ma ina da shago.

Baban Ilham: So kake in sauka?

Sarkin Yaƙi: Subhanallahi. So nake ka sake mana hannu.

Maman Sultan: Alhaji ba wanda ke neman kujerarka. Kai ka tara mu, wannan ba ya gogewa. A sauke mataimakan da suka tafi, a ɗora masu nan, a bar su su yi aiki ba sai an jira ka ba. Shi ke nan.

Oga Sabo: Ga shawara mai sauƙi tunda kun nace. Duk wanda ba shi da lokaci ya ba Injiniya imel ɗinsa da lambar shiga, ya riƙa kai masa hari. Taurari su cika, kowa ya huta.

Ɗan Zango: Kul. Dokar Supercell ta hana ba wani akawun ɗinka, kamar yadda ta hana saye da sayar da shi, kuma suna rufewa in sun kama. Mutum ya yi shekara takwas yana gina gari a rufe masa saboda yaƙi ɗaya? Wanda ke da ƙaramin akawun na biyu, nasa na kansa, wannan daban, ya kawo shi ya cike gurbi. Ban da haka ma, in mutum ɗaya ne ke buga goma, me muka farfaɗo da shi?

Injiniya: Ni ma ba zan karɓa ba. Nawa ma ya ishe ni.

Maman Sultan: To ga abin da nake gani, ku gyara mini in da gyara. Na zauna na yi lissafin lokaci, don a nan ne ake cutuwa ba a sani ba. Ranar shiri awa 23 ce, ranar yaƙi awa 24, jimla 47. Ke nan in ana tashi daga wani ana neman wani nan take, lokacin tashi yana ja baya da kusan awa guda kowane karo. Yau a tashi da tara na dare, na gaba takwas, na gaba bakwai, a haka har ya faɗo tsakar rana kowa yana wurin nema. Yawancinmu kuma sai awa biyun ƙarshe muke kai hari. Shi ya sa za ku ga wani makon mun fito, wani makon kamar an share mu. Na jiya da ƙarfe nawa aka tashi? Ɗaya da rabi na rana. Wa ke riƙe da waya a lokacin in ba Mai Caji ba?

Don haka a tsayar da lokaci ɗaya. A nemi yaƙi ran Alhamis da goma da rabi na dare. Za a fara gwabzawa wajen tara da rabi na daren Juma'a, a tashi wajen tara da rabi na daren Asabar, bayan isha'i, kowa ya koma gida ya ci tuwo. Mutum yana da daren Juma'a, da wunin Asabar gaba ɗaya. Nijar lokacinmu ɗaya, Ɗan Zango yana bayanmu da awa guda, bai cutu ba. Sau ɗaya a mako tukuna. Kuma 10 da 10, ba 15 ba. In goma ba su samu ba a yi 5 da 5, wasan ya yarda. Ba a kuma bin maɓalli kore. Ran Laraba a buɗe ƙuri'a a zauren nan, wanda ya danna "ina ciki" da hannunsa shi za a sa. Wanda ya danna ya kuma yi fashi ba tare da ya sanar ba, a ajiye shi yaƙi biyu. Ba kora.

Injiniya: Yaƙi ɗaya a mako? Biyar da biyar? Hajiya wannan ai wasan yara ne. Rundunar da ta yi 40 da 40.

Maman Sultan: Goma da za su kai hari 20 sun fi 15 da za su kai 11. In muka yi wata guda ba fashi, a ƙara na ran Litinin.

Na Gusau: Ni tambaya gare ni. Na bar wasan ina TH12, na ji an ce komai ya sauya. In na komo ba zan zama kaya ba?

Auta: Kawu ai yanzu ne ya fi sauƙi. Tun 2022 horar da soja kyauta ne, ba a biyan komai. A Maris ɗin 2025 kuma aka cire jiran horarwar gaba ɗaya, kana gama hari za ka iya shiga wani. Zancen "sojana ba su gama ba" ya ƙare, hari biyunka minti goma sun ishe ka. Abin da za ka tarar sabo shi ne maƙera. Da TH16 ta zo a Disamban 2023, jarumai yanzu kayan yaƙi ake ɗaura musu, kowanne guda biyu, kai ke zaɓa. Ana ƙara musu ƙarfi da ma'adini iri uku, shuɗi da shunayya da mai ruwan zinariya. Na ukun nan shi ne mai wuya, kuma in ba saya za ka yi ba, hanyarsa mafi sauƙi ita ce yaƙin runduna. In an ci yaƙin ma ya fi yawa.

Ɗan Zango: Wannan ita ce maganar da za a gaya wa tsofaffinmu da ke wasa su kaɗai. Wanda ba ya yaƙi yanzu jarumansa a baya suke, ko TH nawa ne shi.

Na Gusau: To bari in nemo imel ɗin da na yi Supercell ID da shi. Allah ya sa ban mance ba.

Mai Caji: Maganar yarana fa? Akwai wajen shida da nake da tabbacin za su zo, TH8 zuwa TH10. Amma ba zan kawo ɗan mutane a zage shi ba.

Injiniya: Ga inda za a lalata abin. A cika mu da ƙanana, a shiga gasa a yi mana dariya.

Ɗan Zango: Ka raba abu biyu, Injiniya, ka fi ni sani. Yaƙin yau da kullum da nauyi ake haɗawa. In mun sa TH9 uku, galibi su ma can za a samu ƙanana a ƙasansu, yaro ya kara da yaro. Gasar wata-wata ce ba ruwanta da nauyi, matakin da kuke kawai take dubawa, runduna takwas a rukuni, yaƙi bakwai, hari ɗaya ɗaya. A can sai a sa manya, ba wanda ya ce a sa TH8 gaban TH16. Sannan farmakin ƙarshen mako, daga Juma'a zuwa Litinin, a nan ne ƙananan suka fi amfani. A babban birni sojan kowa iri ɗaya ne, na birnin ne ba na garinka ba. Harin ɗan TH8 daidai yake da naka. Hari biyar kowa, da na shida in ka ƙarasa gunduma. Yara shida hari 30 ne ko fiye a mako. A wasannin runduna ma haka, daga 22 ga wata zuwa 28, kowa iyakar makinsa ɗaya ce, babba da yaro. Mutum 13 da suka kawo maki 4,000 kowannensu sun kai mu 50,000. Yaran da ba su da iyali su ne za su cika, ba mu ba.

Ɗan Maraɗi: Kuma saukar da anka yi muna zuwa Kiristal ni ban gan ta musiba ba. Can Masta kullum duka muke sha. Nan aƙalla mutum shi samu taurarinshi takwas shi kwashi lambobinshi cikakku.

Injiniya: Naji. Amma da sharaɗi. Duk sabon da zai shiga yaƙi sai ya yi gwaji da ni a harin sada zumunta tukuna. In saka masa gari, ya kawo hari, in gaya masa inda ya kauce. Ba zan lamunci a juye soja a kusurwa ɗaya a ce Allah ya kiyaye ba.

Auta: Yaya in dai gaya masa za ka yi ba zagi ba, ni ne na farko. Har yau ban iya tafiyar da Sarauniya da masu warkarwa ba, kullum sai ta bar hanya ta bi bango.

Injiniya: Don ba ka share mata gefe ɗaya kafin ka sauke ta. Duk ginin da ya fi kusa shi take bi, ba ta san nufinka ba. Ka fara cinye gine-ginen gefen da ba ka so ta bi, da ɗan dodo ko mayu biyu, sai ta ga ba inda ya rage sai ciki. Kuma kada ka sauke masu warkarwa sai ta fara shan duka, ka tabbata bindigar sama ba ta kai gare su. Shigo bayan isha'i in nuna maka.

Mai Caji: Yau ga Injiniya yana koyarwa. A rubuta ranar.

Ɗan Maraɗi: Tunda ana gyara, a taɓo lambobin kyauta na gasa. Wata nawa ana ba mutum ukun nan dai? Wanda ya ba da soja dubu a wata bai taɓa gani ba.

Injiniya: Wanda ya fi kawo taurari shi ke da su. Haka ake yi ko'ina.

Ɗan Maraɗi: Mai TH17 da ke dukan TH14 dole shi fi kowa taurari. Wanga ba gwaninta ba ce.

Maman Sultan: Ni da za a bi tawa, a riƙa zagayawa da su tsakanin duk wanda bai yi fashi ko ɗaya ba a cikin bakwai ɗin.

Injiniya: Ban yarda ba. An mayar da kyauta rabon gado ke nan.

Baban Ilham: To ya isa. Ga abin da na yanke, wanda bai gamsu ba ya same ni ta waya. Na sauke mataimaka ukun da ba sa nan, na ɗora Maman Sultan da Ɗan Zango. Su da Sarkin Yaƙi duk abin da biyu cikinsu suka amince a kai a yi, ba sai an jira ni ba. Tsarin ran Alhamis na karɓa, a gwada shi zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Ɗan Zango ka sake rubuta bayanin runduna da Hausa, ka sauke sharaɗin shiga zuwa TH8, amma a bar shi sai da gayyata, ba na son 'yan leƙe su karɓi soja su gudu. Waɗanda suka yi wata shida ba su shigo ba kada a cire kowa sai an kira shi. Ina da lambobin da yawa daga cikinsu, ni zan kira su da kaina, sun fi jin nauyina. Wanda ya ce ya bari, a cire shi da mutunci, ya zauna a zauren nan in yana so. Dokar kora a fashi ɗaya an ɗage ta. Maganar lambobin kyauta ban yanke ba, a bari sai gasa ta matso.

Ɗan Maraɗi: Mun gode Alhaji. Amma maganar lambobin ba zan bari ta kwanta ba, 1 ga wata zan tashe ta. Zan kuma yi ma mutanena ukun nan magana, ban yi alkawarin za su komo ba, an ɓata masu rai.

Injiniya: Ni ma in faɗa tun yanzu kada a ce na yi munafunci. Zan zauna a yi gwajin. Amma in ranar gasa ta zo ba mu da mutum 15 na kirki, babban akawun ɗina zai je wani wuri ya yi mako guda ya dawo. Ƙaramin zan bar muku.

Sarkin Yaƙi: Wannan sai mu tattauna in lokacin ya yi. Na buɗe ƙuri'ar yanzu ba sai Laraba ba, tunda kowa yana kusa. Wanda bai da tabbacin Asabar ɗinsa kada ya danna don kara.

Oga Sabo: Ni TH11 ɗina yana nan fa, in ana neman na cike gurbi.

Maman Sultan: Ba a cike gurbi yanzu, Oga. In za ka kai harinka biyu ka danna.

Sarkin Yaƙi: Bakwai sun danna. Mai Caji, turo mini sunayen yaranka na cikin wasa da lambar kowanne in aika musu gayyata, ka ce su nemi Injiniya kafin Alhamis. Na Gusau, in imel ɗin ya buɗe ka yi mini magana. In ba mu kai goma ba zuwa ƙarfe tara na daren Alhamis, biyar na farko da suka danna su za su shiga.